Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Ƙarƙashin Tebur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jikin da gajiya ta riga ta gama da shi, babban ɗa a gidan masu buga takardu, wanda abokan ciniki ke kira Babba, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabtan shago da duk wanda ya taɓa kawo aikin kati ko kalanda, rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar da ke zaune a ƙarƙashin teburin yankan takarda. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a inda ta saba zama, tsakanin kwalin tawada da kwandon shara. A ido ba ta yi jinya ba, amma waɗanda suka san cikinta sun ce ta daɗe tana ƙarfin hali ne kawai. Babba bai samu ganawa da ita ba kafin ta cika, dalilin haka kuwa yana nan tafe ga mai haƙurin karatu.

Ba wannan ce sanarwar rasuwa ta farko da Babba ya tsara ba. Sana'arsa ce. Hotunan dattawan da ya kewaye da baƙin layi sun fi a ƙirga. Ya rubuta "mai haƙuri" a ƙarƙashin mutanen da unguwa ba ta taɓa ganin haƙurinsu ba, ya rubuta "mai zumunci" ga waɗanda ko gaisuwa sai an yi musu sau biyu. Iyalai ne ke faɗa, shi kuma ya jera, don ba shi aka ɗora wa alƙalanci ba. Sai yau da ya zauna zai yabi mamaciyar da ta cancanci kowace kalma, ya tarar duk ya ƙarar da kalmomin a kan wasu. Saboda haka a yi haƙuri da abin da ya samu.

Ba a san ranar haihuwar marigayiya ba. A hannu aka sayo ta, daga wani ofis da ya rufe. A da fara ce, daga baya ta koma launin haƙorin mai yawan shan shayi. Murfinta na gefe babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, da tef yake tsaye. A farkon zuwanta ita ce a saman tebur, Babba yana tsara aiki a kanta, ƙaninsa kuma, wanda ake kira Ƙarami duk da furfurar da ta fara fito masa, yana tsaye a bakin inji. Da sababbi suka zo aka sauke ta ƙasa, aka ɗauke mata allo da kibod aka ba wata, ta zauna a duhu ba ta ce komai ba. Kowa ya ɗauka aikinta ya ƙare, ashe ko farawa ba ta yi ba.

Dole a nan a taɓo maganar da iyali ba sa son a taɓo, don in ba da ita ba, ba za a gane girman rashin ba. Akwai wani tsohon injin bugu na hannu da mahaifinsu ya bari a kusurwar shagon, mai nauyi, mai cin wuri, wanda rabon da ya buga ko harafi ɗaya tun mahaifin yana da rai. Babba ya yi 'yar kwanciya a asibiti, kafin ya dawo Ƙarami ya kira masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe shi, ya girke sabuwar firinta a wurin. Babba ya shigo ya dubi kusurwar, ya dubi ƙaninsa, sannan a gaban abokan ciniki da mai shagon kusa ya ce ƙafarsa ba za ta ƙara taka shagon nan ba. Bai rantse ba. Amma ya faɗa a gaban mutane, a wurinsa kuwa wannan ya fi rantsuwa ɗaure mutum. Ƙarami bai ce uffan ba, ya ci gaba da jera takarda, shirun nan ne ma ya fi komai ƙona wa Babba rai. Tun daga ranar in sun haɗu a taron dangi sai kowa ya ga wani abu mai ban sha'awa a bango. Har gobe Babba yana nan a kan cewa injin bai tsare wa kowa komai ba, kuma wannan sanarwa ba ta zo don ta janye hakan ba.

Fushi dai fushi ne, amma shago ɗaya ke ciyar da gida biyu. Babba ya iya tsara aiki, bai san kan sabuwar firintar ba. Ƙarami ya san inji kamar yunwar cikinsa, amma in ya tsara katin gayyata sai ka ɗauka sammaci ne. Da farko matar Babba ce ta shiga tsakani. Kullum sai ta jefa filashi, ɗan abin nan na ɗaukar fayil daga kwamfuta, a jaka ta kai shago, ta dawo da gyara, ta sake komawa, wata rana a kan waƙafi ɗaya tal. Matar nan tana da nata aikin, koyarwa take yi, ga ciwon baya. Ranar da abin ya ishe ta, ba ta yi shawara da kowa ba ta kira mai gyaran kwamfuta, ta ce ya san yadda zai yi mutum biyu su yi aiki tare ba tare da sun ga juna ba, kuma ba tare da sun kashe ta ba.

Mai gyara ya leƙa ƙarƙashin tebur ya jawo tsohuwar, ya hure ta, ya ce wannan ma ta isa. Ya buɗe folda biyu a cikinta, ɗaya "A buga", ɗaya "An buga", ya ɗaura mata firintar, sannan ya shimfiɗa wata keɓaɓɓiyar hanya ta cikin intanet daga shago har ɗakin Babba. Daga ranar, in Babba ya buɗe laftof ɗinsa a kan ƙaramin teburin da ke bakin taga, sai ya ga foldar shago a gabansa kamar a ɗakin take. Ya ajiye aiki a "A buga", Ƙarami ya ɗauka ya buga, ya mayar da shi "An buga". In ma ya ga dama, daga nan inda yake zaune zai ba firintar umarni ta tashi da kanta a can. Mai gyara ya yi bayanin cewa na'urori ma suna da ƙa'idar gaisuwa: mai zuwa ya yi sallama, ta gida ta tambayi ko wane ne, ya ba da kalmar sirri, su daidaita a kan harshen da za su yi magana da shi, sannan a buɗe masa ƙofa. Matar Babba ta ce madalla, ashe da sauran masu gaisawa a zuri'ar nan. Ita ce ta raɗa mata Gwaggo, don a cewarta kowane gida yana buƙatar tsohuwa ɗaya da kowa ke ɗora wa saƙo, ita kuma ba ta ƙorafi.

Halayen marigayiya ba sa buƙatar ƙarin gishiri. Ba ta taɓa kai abin da ba a ba ta ba. Duk wanda aka taɓa aika tsakanin 'yan'uwan nan sai ya dawo da ƙari, ya ce ai ya ɓata fuska da ya karɓa, ko ya ce ko kai bai ɗaga ba. Gwaggo fayil take kaiwa, ta bar wa kowa fuskarsa. Ba ta da ɓangare. Ta san ladabi kuma, don in ɗaya yana cikin fayil ɗayan ya zo buɗewa, sai ta tare shi a bakin ƙofa ta ce akwai mutum a ciki, ya jira, ko ya leƙa kawai kada ya taɓa komai. Babba yakan yi tsaki in ya ga wannan saƙon, amma ba ya saurin rufe shi. Yakan bar shi a kan allo ya kurɓi shayi, don saƙon yana zuwa da sunan wanda ke cikin.

Ta iya rufin asiri. Babba yana da halin haɗiye harafi in yana sauri. Ƙarami kuwa ba ya buga komai sai ya karanta shi kalma-kalma, da yatsa a kan allo, yadda mahaifinsu ya koya musu. In ya ga kuskure sai ya gyara ya yi shiru. Babba ya buɗe "An buga" da yamma ya ga an mayar masa da harafinsa, shi ma ya yi shiru. Da a baki ne, wannan kaɗai ya isa a yi wata guda ana kumbure-kumbure. Gwaggo ta haɗiye irin waɗannan da yawa, ba a taɓa jin su a waje ba.

Don kada a ce an yi son kai, tana da aibinta. Nawa ce da ita. In fayil mai nauyi ne, irin babbar tutar talla, mutum zai iya yin wanka ya sa kaya ya dawo ya tarar tana kan hanya. Da zafin rana kuwa sai ta ƙara sanyin jiki, abokin ciniki yana tsaye a shago yana duba agogo, Ƙarami yana ba shi haƙuri, Babba a gida yana zagin wayar intanet. Amma ko da nawa, tana kaiwa. Ba a taɓa ba ta abu ta ce ta manta ba.

Sai maganar takardar safe. Kowace safiya, kafin ya taɓa aikin kowa, Babba yakan aika wa firintar shago takardar gwaji, wadda babu komai a kanta sai layukan launi. Ya ce don kada tawada ta bushe a bakin inji ne. Matarsa ta ce injin da ke aiki daga safe har magariba yaushe ya sami sukunin bushewa, ya ce ita ba ta san inji ba. A can shago, mai shagon kusa ya shaida cewa Ƙarami ba ya karyawa sai firintar ta yi ɗan tarinta ta tofo takardar. Yakan ɗauka ya duba ya ɗora a kan 'yan'uwanta, sannan ya shiga foldar ya motsa wani abu, ko da babu abin motsawa, don lokacin da ke jikin foldar ya canja. Babba a ɗakinsa sai ya ga lokacin ya canja, ya ce wa matarsa tawada lafiya lau take. Haka aka yi shekara da shekaru ana duba lafiyar tawada.

Ta hannun Gwaggo Babba ya amsa cewa an yi wa Ƙarami haihuwa. Ba wai matarsa ba ta gaya masa ba, ta gaya masa tun cikin yana ƙarami, ya yi kamar bai ji ba. Amma wata safiya ya tarar da aiki a "A buga" wanda ba shi ya ajiye ba: hoton jaririya da 'yan kalmomin albishir, an jera su a karkace irin jerin Ƙarami, babu sunan abokin ciniki. Babba ya ture aikin da ake jira, ya wuni a kan katin nan. Ya canja launi, ya sake canjawa, ya goge inuwar da ke gefen fuskar yarinyar, ya daɗe yana kallon hancin, don hancin mahaifiyarsu ne sak. Da yamma ya ajiye. Washegari ya ga katin a "An buga", ba a taɓa ko ɗigo ba. Yarinyar yanzu ta shiga makaranta, hannu kawai take ɗaga masa daga nesa in an haɗu.

Masu son tuna muryar marigayiya za su tuna "tit" ɗin da take yi in an kunna ta, da "ƙir-ƙir-ƙir" in tana neman fayil. Wannan ita ce muryar ƙuruciyarta, ita kaɗai Babba ya sani da kunnensa. Muryar tsufan a bakin matarsa ya ji, don takan leƙa shagon in ta taso daga makaranta. Sai ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta kwaikwaya masa: "wuuu... taƙ, wuuu... taƙ." Ya ce ta daina, ba abin wasa ba ne. Ta ce ai shi ma haka yake yi in zai tashi daga kujera.

Ciwon ajalin ba daga jikinta ya fara ba, harshenta ne ya tsufa. Mai gyara ya ce ƙa'idar gaisuwar da ta iya ta zamanin da ce, ɓarayin intanet sun gano lagonta, shi ya sa duk na'urar da aka sabunta take daina amsa irin wannan sallamar. Gwaggo ba ta san an yi haka ba. Tana nan a ƙarƙashin tebur tana tambayar ko wane ne da harshen da ta sani, baƙi suna juyawa. Wayar Ƙarami ce ta fara daina kula ta, sai sabuwar kwamfutar kan tebur, wadda sai da mai gyara ya shiga cikinta ya lallashe ta kafin ta yarda ta ci gaba da gaisuwar tsofaffi. Ya ce koya wa Gwaggo sabon harshe ba zai yiwu ba, ƙwaƙwalwarta ba za ta ɗauka ba, a canja ta kawai. Da saƙon ya iso wa Babba ya ce in ƙaninsa ya ga a canja, ai ya saba fitar da tsofaffin abubuwa. Da ya isa ga Ƙarami ya ce shi ba zai ƙara fitar da tsohon abu daga shagon nan ba sai da izini. Izini kuwa sai an yi magana. Mai gyara ya tattara jakarsa ya bar musu gargaɗi biyu: kada Babba ya yarda laftof ɗinsa ya sabunta kansa, kuma kada a kuskura a kashe Gwaggo, don faifan ajiyarta ya daɗe yana juyi ba hutu, in ya tsaya ya huce ba lallai ya sake tashi ba.

An kiyaye, a yi musu adalci. Ƙarami ya buga takarda da manyan haruffa, KADA A KASHE, ya manna mata a goshi daidai kan maɓallin. Ya sayo mata batir saboda ɗaukewar wuta, in wutar ta daɗe ya tayar da janareta ko da babu aiki. Babba kuma kowace safiya laftof ya tambaye shi ko ya sabunta, ya danna "anjima". Gobe ya sake tambaya, ya sake danna "anjima". Abin ba wuya, amma yana gajiyarwa, don kullum sai mutum ya tuna.

Ranar Litinin Babba ya tashi jiki ba daɗi. Ya buɗe laftof ya je haɗa shayi, maƙwabci ya tsare shi a ƙofa da zancen bututun ruwan da ya fashe. Kafin ya dawo laftof ya gaji da jiran amsa ya yanke wa kansa hukunci. Ya tarar da wani zobe yana ta juyawa a allo. Da aka gama komai ya dawo fes, har da sabon hoton bango, sai dai da ya danna foldar shago aka ce ba a sami hanya ba. Ya sake dannawa. Ya rufe ya buɗe, ya zare wayar intanet ya mayar, ya yi abin da ya sani har da wanda bai sani ba. Mai gyara ya ce ya yi tafiya, sai Laraba. Matarsa ta miƙo masa waya ta ce ya kira ƙaninsa ya gaya masa, magana ce da ba ta kai numfashi biyu ba. Babba ya ce ai Laraba ba nisa. Ita kuma ta ƙudura a ranta ba za ta je ba, ba za ta kira ba, ta ga iya gudun ruwansu. Takardar safe ba ta fita ba ranar Litinin, ba ta fita ba ranar Talata.

Abin da ya faru a shago, daga bakin mai shagon kusa aka ji. Ranar Litinin Ƙarami ya bar abin karyawarsa a leda har azahar. Ranar Talata ya goge firintar, ya canja mata takarda, ya buga takardar gwaji da kansa ta fito lafiya, ya dunƙule ta ya jefar. An gan shi ya ɗauki waya ya ajiye, ya sake ɗauka ya sake ajiyewa. Ko matarsa bai gaya wa ba, don in ya faɗa ya amsa ke nan cewa jiran takardar yake. Ranar Laraba da hantsi ya durƙusa a ƙarƙashin tebur, ya ɗaga takardar da shi da kansa ya manna, ya danne maɓallin har fankar ta yi shiru. Ya ɗan jira, ya sake dannawa. Ta yi "tit", ta yi "taƙ... taƙ... taƙ", daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.

Mai gyara ya iso ya tarar da shi zaune a ƙasa. Ya buɗe ta ya duba, ya ce lafiyarta ƙalau take kafin a taɓa ta, matsalar tana can ɗakin Babba, kuma gyaran bai kai shan kofin shayi ba. Ya tambaye shi me ya kai shi, shi da ya buga gargaɗin da hannunsa. Da yamma mai gyaran ya zo gidan Babba, ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a kafaɗa, ya maimaita wa Babba amsar yadda aka ba shi:

"Ya ce, 'Na ga ko dai ita ce ta lalace, ko kuma Yaya ne wani abu ya same shi. Sai na ce bari in gwada ita tukuna, ko Allah zai sa ita ce.'"

Babba ya sallami mai gyara, ya koma bakin taga ya zauna a gaban laftof ɗin da ya zama fes ba amfani. Ya manta rabon da ya ji an kira shi Yaya daga wancan bakin, ko da ta bakin wani ne. Abin ya taɓa shi ƙwarai, kuma ya ba shi haushi, don ya so a ce ganganci ne ya kashe Gwaggo, ya sami abin riƙewa na wasu shekarun. Sai ga shi ba ganganci ba ne. Washegari hannunsa ya kai kan takardar gwaji kamar kullum, ya tuna, ya janye. Ya ji ya gaji, gajiyar da barci ba ya saukewa. Ya gaji da danna "anjima", ya gaji da duba lafiyar tawada, ya gaji da zama mai gaskiya shi kaɗai a ɗaki.

Marigayiya ta rasu ta bar firinta ɗaya, wadda yanzu ba ta jin kowa sai na kusa da ita, da laftof ɗaya da ya yi sabon ilimi ya daina gaida manya, da batir da janareta waɗanda suka yi mata hidima har ƙarshe. Ta bar tarin takardun gwaji a saman kabad, mai shagon kusa ya ce bai taɓa ganin an zubar da ko ɗaya ba. Ta bar ayyukan shekaru a cikin faifanta, mai gyara ya ce zai gwada ceto abin da ya samu, amma kada a sa rai. Ta bar abokan ciniki suna ta kiran waya, ciki har da mai makarantar da ke jiran takardun jarrabawa, wanda ake roƙo ya ƙara haƙuri, rasuwa aka yi. Ta kuma bar 'ya'yan ɗan'uwa biyu, dukansu da furfura, waɗanda ba su da sauran wanda za su aika.

Ana godiya ga waɗanda suka riga suka yi ta'aziyya, har da masu cewa ai yanzu an daina wannan wahalar, akwai ma'ajiya a intanet da kowa zai shiga daga ko'ina, mutum goma ma su haɗu a fayil ɗaya ba mai tare wani. Babba ya ji, ya gode. Mai gyara ma ya ce zai iya haɗa sabuwa kafin mako ya zagayo, mai jin kowane harshe. Matar Babba ta ce in ya kuskura ya haɗa, kada ya ƙara gaishe ta a hanya. Ta ce da tun farko ta bar su da yunwa, da tuni sun yi magana. Da Babba ya nuna mata filashi ya ce in ya kammala sanarwar nan ta ɗan biya ta shago ta miƙa, tunda babu sauran hanyar da za ta kai ga firinta, sai ta dubi filashin, ta dube shi, ta mayar da hannuwanta baya.

"Ni ba Gwaggo ba ce," in ji ta. "Gwaggo ta rasu."

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza. Za a yi ta ranar Asabar da hantsi a shagon. Mai gyara zai cire faifan, ya ciro duk abin da zai yi wa wata amfani, don marigayiya ba mai rowa ba ce. Inda za a kai abin da ya rage ba a yanke ba tukuna, magana ce ta mutum biyu, ɗaya kuwa kaɗai ke nan. Ba a buƙatar taro, ba kujeru, ba jawabi. Ana roƙon maƙwabtan shago, musamman waɗanda suke nan ranar da aka yi waccan maganar, su shagala da cinikinsu, in sun ga wani abu su yi kamar ba su gani ba. Allah ya ba waɗanda ta bari haƙuri, ya kuma sassauta musu taurin kai.

Kwafi ɗaya za a buga na wannan sanarwa, kuma za ta iso tare da mai makokin, tunda babu mai kawo ta. Zai zo da filashin a aljihun gaba, ya tsaya a bakin ƙofa daga waje, ya miƙa. Mai bugawa zai kai wannan layin alhali Babba yana nan tsaye a rana, shi kuwa ba yaro ba ne, tsayuwa tana ba shi wahala. Kurakuran da ke ciki a bar su, ba sai an gyara ba. Abin da ake roƙo kawai, in an gama karantawa a ɗago kai a ce ya shigo. Sau ɗaya ya isa, ba sai an maimaita ba.